Ramin Gafiya a Katangarmu

Kaka ba ta taɓa ba mu tatsuniya ta kai ƙarshe salin-alin ba. Sai ta kai mu inda abu ya cakuɗe, ta ja bakinta ta tsuke, ta hau gyara itace a murhu. "To, ku faɗa mini, ya za a yi?" Haka take cewa. Mu yi ta magiya, ita ko a jikinta. Tsohuwa ce mai taurin kai. Da ƙafa suka baro Katagum ita da mijinta da niyyar Makka, ya rasu a nan Injamena, ta zauna ta raini Baba da sayar da ƙosai.

Ina da shekara tara lokacin da yaƙi ya shigo cikin gari. An rufe lakwal, wato makaranta, rabin mutanen unguwarmu Kilemat sun tsallaka kogi zuwa garin Kuseri. Mu muka zauna, domin Kaka ba ta iya tafiya, Baba kuma ya rantse ba zai bar uwarsa ba. Sai famfo ya ɗauke. Rijiya ɗaya ta rage kusa da mu, a gidan Malam Abakar, Balaraben da ke sayar da shayi. Bayan gidansa ya haɗe da bayan namu, amma ƙofarsa wani layi take kallo, sai ka zagaya ta babban titi, inda masu bindiga ke kan soraye. Namiji in ya fita kama shi ake yi, don haka mata ne ke ɗebowa. Ranar Talata harsashi ya sami maƙwabciyarmu Falmata da tulu a ka. Zuwa Alhamis randarmu ta bushe ƙayau, kuma kowa ya san da safe Inna ce za ta fita.

Baba da Malam Abakar kuwa shekara biyu ba sa ga-maciji. Indararon Malam ne ya zubar mana da gefen katanga wata damina, aka yi cacar baki, shi ke nan ko gaisuwa aka daina.

Bayan magariba muka kewaye murhu, ni da yayana Sani da ƙanena. Inna na gefe tana tsince shinkafar da babu ruwan dafa ta. Baba na bakin ɗakinsa da carbi. Ni dai tsoro nake ji, sai kallon ƙafafun Inna nake yi.

"Ga wata nan ta taso, wa zai tare ta?" in ji Kaka.

"Mu ne, ta ƙaraso," muka amsa.

Wai wata kaza ce da 'yan tsakinta a ƙarƙashin rumbu. Ruwa yana can gindin tsamiya, tsakaninsu fili ne fetal, shaho kuma na shawagi a sama. Kullum suka fita sha, sai ya sure ɗaya. Zakara ya ce a jira maharbi, yana nan zuwa. Agwagwa ta ce a riƙa gudu da sauri. Aka yi ta jira, aka yi ta gudu, 'yan tsaki goma suka koma huɗu. Nan Kaka ta tsaya.

Sani ya ce su fita da asuba. "Shaho ya riga ka tashi, maigidana," in ji ta. Ƙanena ya ce su daina shan ruwa, muka yi dariya duk da halin da ake ciki. Ni kuwa na ce, "Wai dole ne sai ta fili? Ba gafiya a ƙarƙashin rumbun? Su bi ta raminta mana."

Sani ya ce kaza a rami, wannan ai shirme ne. Kaka ta ɗaga masa hannu. Ta juyo wajena.

"Uwar surutu, kaza ba ta magana da gafiya. Ta taɓa sha mata ƙwai."

"Ƙwai nawa? Ai 'ya'yanta shida sun tafi!"

Sai na ji ƙarar carbi ta tsaya.

"Iya, tatsuniya ce, ko da ni ake?" in ji Baba.

"Ni da yara nake. Kai tela ne, ina ruwanka da kaji?"

Da gari ya waye Inna ta ɗauki tulu, ta naɗa gammo. Baba ya ce ta ajiye. Ya karɓi taɓarya ya nufi bayan gida, ya buga katanga sau uku. Ya sake bugawa, ya ɗaga murya da Larabci, ya kira Malam Abakar da "jari", wato maƙwabcina. Wallahi na ga yadda kalmar ta yi masa nauyi a baki. Ya roƙi a huda katangar mu riƙa ɗebo ruwa ta nan. Can muka ji tari, sannan Malam ya ce, "Rijiyar a sashen matana take. Mata da yara kaɗai za su wuce." Baba ya ce ya yarda.

Daga nan Baba da galma, daga can Malam da diga. Kafin rana ta yi zafi hasken gidansu ya shigo namu. Ƙofar ƙarama ce, sai an durƙusa, aka rataya mata buhu. Inna ta shige da rarrafe, ta turo tulu cike. Na sha har cikina ya yi ciwo. Cikin mako guda gidajen da ke jere da mu duk sun huda katangunsu. Ta nan ungozoma ke wucewa, ta nan ake aiko da garwashi da gishiri, ba wanda ya ƙara taka titi don ruwa.

Bayan na girma na ce wa Kaka, ai na gane, da gangan ta shirya ta sa maganar a bakina don Baba ya ji. Ta yi tsaki. "Wace dabara? Wallahi ban san ƙarshenta ba. Mu manya tsoro ya cika mana kai, kowa titi yake kallo. Na ce bari in jefa muku ko Allah zai sa wani ya kalli wani gefen."

Wannan amsar ta fi tatsuniyar zama a raina. Yanzu a unguwar Lamaji nake, kuma duk taron unguwa, kan kwata ko kan shara, sai wani ya miƙe ya ce a jira hukuma. Ba na musu da shi. Nakan juya ne in tambayi wadda ba ta ce komai ba, mai kayan miya ko mai wankau, ita ya take gani. Sau da yawa abin da za ta faɗa sai an yi masa dariya tukuna.

Inna ta yi shekara talatin da wani abu bayan wannan safiyar. Ta aurar da mu, ta goyi jikoki. A kan gadonta ta rasu, da furfura fal kanta, tana yi mini faɗa wai kununa bai ji tsamiya ba.