Ɓawon Albasa da Aikin Ɗiyata

Na haura arba'in kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci a Bodinga, bayan rasuwar maigidana. Lokacin babbar ɗiyata ta yi nisa a karatun kimiyya, har ta kai ƙasar waje. Da ƙanwarta ta samu gurbi a jami'a, sai wan mahaifinsu, wanda maganar gida ke hannunsa a Shagari, ya ce ba inda za ta.

"Waccan da ta tahi, mi taka yi can? Ko ke da kinka haihe ta ba ki iya hwaɗi. Ba ni ƙara sakin wata."

Na ce, "Yaya, ba ni mako uku."

Kullum bayan la'asar sai in kira babbar a waya, littafin ajina bisa cinya. Ta yi bayani, in ce ban gane ba, ta sake. Ran nan ta ce, "Inna, abin ga da wuya." Na ce, "Haihuwarki ma da wuya. Maimaita."

Na koma Shagari da matajin roba, da gwangwani, da busasshen ɓawon albasa. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na goga matajin a gyalena, na kara shi kusa da ɓawon. Ɓawon ya yi tsalle ya manne.

Na ce, "Ƙarfin lantarki ne ya ɗaga shi, ido ba ya ganinsa." Na jefa matajin a gwangwani na rufe. "To in yana cikin ƙarfe haka fa? Akwai wasu ƙwayoyi ƙanana ainun, niyutiron sunansu, suna ratsa ƙarfe kamar ruwa a rariya. Kowace tana juyi irin na katantanwar wasan yara. Ɗiyarka na tura su ta gefe guda, duk sun fuskanci waje ɗaya. Wadda ta bi ta inda ƙarfin yake sai ta fito a ɗan karkace. Karkatar nan suke aunawa, su fitar da hoton ƙarfin, ba a buɗe ba, ba a fasa ba."

Ya ce, "Su ƙwayoyin, ina aka samo su?"

Na ce, "Wannan ban tambaya ba, kuma ba ni yi maka ƙarya." Na buɗe littafina a gabansa na rubuta tambayar, baƙi bayan baƙi.

Ya daɗe yana kallon rubutun. Can ya ciro matajin, ya goga a hannun rigarsa, ya kara. Ɓawon ya taso masa shi ma. Sau uku yana yi, dattijo da furfura.

Bai ɗago kai ba ya ce, "Yaushe za a buɗe jami'ar?"

Ƙaramar tana aji uku yanzu. Matajina kuwa har yau bai maido mini ba.