Rakiyar Mai Gyaran Rediyo

Shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, kowa ya zama ɗan wani wuri. Ni da na ɗauka na zama Basakkwace, aka tattara ni da katifata aka ce in koma Bagudo in koyar da 'ya'yan garinmu. Duk motar da ta tsaya a tasha sai ta zubar da ma'aikata irina, kowa da tukwanensa da fushinsa.

Ranakun kasuwa nakan je Illo wurin kawuna, mai sayar da gishiri, mutumin da alherinsa ba ya neman izini. Maƙwabcinsa wani tsoho ne fari, mai gyaran rediyo, wanda ya shigo ta Benin tun kafin a haife ni. Kowa ɗan Labanan yake ce masa. Shi kuwa kullum sai ya gyara mana, ya ce shi ɗan Armeniya ne, mu ce to, gobe mu maimaita. Ina son tsohon nan, ko da yake bai taɓa gyara rediyona ba tare da ya zage ni ba.

Ba a daɗe da samun jiharmu ba, rediyo ya ce Armeniya ta sami 'yancin kanta. Aka ga tsoho yana hawaye a kan teburinsa. Nan take kawu ya fahimci komai, a ganinsa: su ma an ba su jiha, kuma wanda aka ba jiha gida yake komawa. Har ya yi masa hasashen kwamishina, tunda sabuwar gwamnati ba ta rasa rediyon da ya lalace.

A wurinmu kuwa abin kunya ne baƙo ya tafi ba rakiya. Kawu bai tambaye shi ba, don kada ya ji nauyi. Ya sayi rago, mata suka daka yaji suka ƙulla busasshen kifi, 'yan kudu masu shaguna suka kawo akwati, aka ɗauko makaɗa. Da hantsi muka tsaya ƙofar shagon tsoho, kawu ya yi shelar cewa mun zo raka shi har bakin iyaka.

Tsoho ya dube mu, ya ja ƙofa ya sa sakata.

Makaɗa suka ɗauka kunya ce, suka ƙara wuta. Ni aka tura in lallashe shi ta taga. Na same shi zaune a ƙasa. Ya ce mini garin mahaifiyarsa ba ya ma cikin ƙasar da aka ba 'yancin. Lokacin babban yaƙi na farko, tana ƙarama, sojojin daular Turkawa suka zo da safe suka ce za su raka mutanen garin zuwa wani sabon wuri. Aka ware maza. Mata da yara suka taka har hamada, kuma a gidansu ita kaɗai ta kai birnin Halab da rai, inda daga baya ta haife shi.

"Malam, tambaye su," ya ce, "laifin mi na yi za a fidda ni?"

Da na faɗa wa kawu, ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Amma rago ya riga ya shiga tukunya, makaɗa kuma sun ci tuwo. Kawu ya matsa jikin taga.

"Maƙwabci, hito. Gida za mu kai ka, naka, wanga na bayan shago."

Sai da kawu ya rantse kafin sakata ta motsa. Haka muka raka shi da ganga da guɗa da akwatin da ba komai a ciki, muka zagaya kwata, muka wuce rumfar mai waina, muka tsaya ƙofar gidansa. Tsoho ya dafa ƙofarsa, ya juyo ya ce a duk danginsa shi ne na farko da aka raka ya isa.