Wayar da ke cikin rawani

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata takwas ke nan ban ce uffan ba a nan. Waɗanda suka yi ta aiko da saƙo ban amsa ba, ku yafe mini. Ba raini ba ne, jinya ce.

Haɗarin moto, wato babur, na yi a nan Arlit, wata Laraba da hantsi.

Mai kabu-kabun da ya ɗauko ni ba baƙo ba ne. Sunansa Gali, mutumin Gugaram, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Shekara biyar shi ke kai ni makarantar matan da nake karantarwa, bai taɓa gudu da ni ba.

Kun dai sani, tun da aka matsa wa masu riƙe waya a kan tuƙi, mutanenmu suka samo dabara. Sai a cusa ta cikin rawani daidai kunne. Hannu biyu na kan moto, baki a rufe, wa zai ce magana kake?

Mun tashi ke nan wayarsa ta yi kuka. Mahaifiyarsa ce daga daji, inda sai an hau tudu ake samun rezo, waya ta kama. Ya danna, ya tura ta cikin rawani, muka ci gaba. A mararraba ɗan sanda ya dube mu, har ya ɗaga mana hannu.

Ba na jin Tamajak, yarensu na Buzaye, sosai, amma na san gaisuwa. Ina gajiya, ina zafi, yaya raƙuma, yaya wance. Yana amsawa yana sunkuyar da kai kamar tana gabansa.

Na hango wani kamyon, babbar motar kaya, yana fitowa da baya daga garaji. Wallahi na hango shi. Na buɗe baki na rufe. Mu an rene mu ba a katse mutum yana gaida uwarsa. Na ce a raina, ai shi ma ya gani.

Bai gani ba.

Abin da na tuna, ƙasa a bakina, da ƙafata ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Aka ɗauki hoton ƙashi: cinya ta karye dab da gwiwa, aiki kuma sai Agadas.

Wanda ya san wannan hanya ya san abin da nake nufi. Kowane rami sai da na ji shi cikin ɓargo. 'Yata Hadiza na riƙe da ledar ƙarin ruwa, ni ina Hasbunallahu har murya ta dushe.

Aka yi tiyata, aka sa ƙarfe. Magani da awo suka tafi da tumakin da nake kiwo, ban yi musu kuka ba. Bayan mako biyu wurin ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe ni, aka sake buɗewa aka wanke.

Tambayata ɗaya ce. Na ce, "Likita, zan sake yin sujada?"

Ya ce, "Malama, tafiya za ki yi in sha Allah. Lanƙwasa gwiwar ne ba zan yi miki alkawari ba."

Ni ke karantar da mata cewa marar lafiya ya yi salla a zaune ko a kwance, ladansa na nan. Ashe faɗa da baki ya fi sauƙi. Ranar da na fara salla da nunin kai, ina sallamewa kuka ya ƙwace mini.

Wata tsohuwa 'yar Tawa da ke gadon kusa da nawa ta ce, "Ke Malama, wanga kuka na mine ne? Ku malamai kuka ce muna Allah na amsar ta zaune. Ko taki sallar ta zinariya ta?"

Na yi dariya har ɗinkin ya amsa.

Gali ya biyo mu Agadas da hannunsa a ɗaure, ya tsugunna a bakin ƙofa ya ƙi shigowa. Da irin Hausarsa ya ce, "Malama, ka yafe mini. Ni na kashe ƙafarka."

Na ce, "Gali, na riga ka ganin motar nan, na yi shiru. Mu nemi gafarar tare."

Ba a kama shi da laifin waya ba. Duk waɗanda suka gani sun ce hannunsa biyu na kan moto, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Kwanciya ta ba ni lokacin tunani. Ban ce dokar hana riƙe waya banza ce ba, da babu ita da abin ya fi haka. Amma ɗan sanda hannu yake iya gani. Hankalin Gali ranar yana can Gugaram gaban tsohuwarsa, babu usur ɗin da zai kai can. Wadda ta san yana waya a kan tuƙi mutum ɗaya ce, kuma a bayansa take zaune.

Wata uku na yi wurin mai motsa gaɓoɓi, yana lanƙwasawa ina cizon mayafi. Daga sanda biyu na koma ɗaya.

Jumma'ar da ta wuce, da la'asar, na ture kujerar salla gefe. Na durƙusa a hankali, gwiwar na ƙara, har goshina ya taɓa tabarma. Ban san tsawon da na yi a nan ba. Da na sallame Hadiza ta ce, "Inna, na ɗauka kin maƙale ne, saura kaɗan in ɗago ki!" Tana faɗa tana share ido.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitoci da masu wankin ciwo, da maigidana da bai taɓa nuna gajiya ba, da ɗalibaina da suka yi ta sauke mini Alƙur'ani. Allah Ya saka muku da Aljanna.

In kun ga ciwon tiyata ya fara ruwa ko zafi, kada ku jira gobe. In an ce ku motsa gaɓa, ku motsa ko da kuka.

Iyaye, in kun kira ɗanku direba, kafin ina kwana ku tambaye shi ko yana kan hanya.

Ke kuma 'yar uwa da ke zaune a baya, in kin ji mai moto yana magana da rawaninsa, taɓa kafaɗarsa ki ce ya tsaya. Ko da uwarsa yake gaisawa. Ita ma ta fi so ya katse ta ya iso.