Shafi Ukun da Na Ɓoye wa Kaka

Har yau idan na ji mota tana zagaya unguwa da lasifika a kanta, sai gabana ya faɗi, ko da tallar maganin shawara ake yi. Ni dama mace ce mai yawan fargaba, nakan koma sau uku in duba ko na kashe risho. Amma wannan faɗuwar gaban na san ranar da ta fara.

Ina aji shida a lokacin, muna zaune a unguwar Malam Inna a Gombe, a shekarun da kuɗin man fetur suka shigo gari, kowane ma'aikaci ya yi babur da rediyo. Babanmu akawu ne a gidan gurzar auduga. Shi ya sayo wani littafi a Kasuwar Gombe, ya ce in riƙa karanta wa mahaifiyarsa bayan la'asar, don idonta ya yi rauni, zama kuma ya yi mata yawa. Kaka muke ce mata. Ita kuwa ba ta kirana da komai sai Malama, don zolaya.

Akwai maganar da ba a taɓawa a gidanmu. Autan Kaka, baffanmu, ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, bai dawo ba. Ba gawa, ba takarda. Baba ya daɗe yana so a tara malamai a yi masa addu'a da sadaka kamar yadda ake yi wa mamaci, ita kuma ta ce ba za a soya waina a kan yaron da yake hanya ba. Sau ɗaya goggonmu ta matsa mata, Kaka ta kwanta kwana tara ba ta cin abin kirki. Tun daga nan kowa ya kama bakinsa.

Littafin labarin wani gari ne da sarkin aljanu ya kwashe wa inuwa. Ta bishiya, ta katanga, ta mutane, duk ya naɗe kamar tabarma ya shige da su ƙarƙashin dutse. Rana ta hana kowa sakat. Sai wani saurayi maƙeri, tilon ɗan uwarsa, ya bi sawu. A hanya ya gamu da hankaka mai magana, da tsohuwar da ke saƙa zane da hayaƙi, da kogin da ke gudu zuwa sama. Shafi biyar ko shida muke yi kullum a gindin dalbejiyar tsakar gida, tana tsotsar dakakken goro, motocin auduga suna wucewa ta bayan katanga. Kaka ta ɗauki maƙerin nan kamar ita ta haife shi. In ya shiga haɗari takan ce in dakata, ta yi masa addu'a tukuna.

Rashin haƙuri ya sa na leƙa ƙarshen. Maƙerin ya karɓo wa gari inuwarsa, amma da sharaɗin shi zai zauna a ƙarƙashin dutsen har abada. Inuwarsa kaɗai ce ta dawo. Kullum da yamma takan zo ta kwanta a ƙofar uwarsa, babu mai ita.

Kwana biyu abinci bai yi mini daɗi ba. Ranar da muka kai wurin, na riƙe littafin a gabana ina jan yatsa a kan layi, bakina yana faɗin wani abu daban. Na ce ya dawo, uwarsa ta tuƙa masa tuwo, gari ya yi kwana bakwai ana biki. Kaka ta yi hamdala, ta shafa kaina. Na tura littafin ƙarƙashin katifa, na shiga istigifari. Abin da ya fi damuna, ban sani ba ko ƙaryar da aka yi da littafi a hannu ta fi sauran nauyi, kuma babu wanda zan tambaya.

Wajen wata biyu bayan haka motar lasifika ta shigo unguwarmu. Ana shela cewa an yi fim ɗin littafin nan, za a nuna a silima ranar Asabar. Ina wanke-wanke, kwano ya suɓuce mini. Kaka ta ji an ambaci maƙeri, ta miƙe zaune. Mata ba sa zuwa silima a lokacin, balle tsohuwa, don haka ta sa Baba ya bar yayana, wanda muke ce wa Hamma, ya je ya gano mata, ya zo ya ba ta labari daga farko har ƙarshe. Hamma yana sakandare, bai taɓa buɗe littafin ba, kuma mutum ne da ba ya rage komai in yana ba da labari.

Kwana uku suka rage. Na yi tunanin in roƙe shi ya rufa mini asiri, amma na san kafin in rufe baki duk gida ya ji. Silimar ba ta da rufi, sai na kama roƙon Allah ya saukar da ruwa ranar Asabar, alhali tsakiyar rani muke. Daga baya kuma na shiga tsoron ko irin wannan addu'ar ma laifi ce.

Lahadi da hantsi Hamma ya kifa turmi ya zauna, Kaka da Mama da Goggo suka kewaye shi. Ni na raɓe a bakin madafa.

Tun daga farko abu ya sha bamban. A fim ba a saci inuwa ba, kowa yana yawo da tasa. 'Yar sarki aljanin ya sace, da wata ganga ta zinariya. Babu hankaka. Tsohuwa mai saƙa da hayaƙi ta koma budurwa mai waƙa. Kogin da ke gudu sama kuwa, Hamma ya ce ko rafi bai gani ba, sai faɗan takubba da aka yi ta yi har mutane suna hawa kujeru. Duk abin da ya faɗa, sai Kaka ta juyo da fuskarta wajena.

"Malama ta zuba miki, Kaka," in ji Hamma yana dariya. "Ni da idona na gani."

Na ce wallahi haka aka rubuta. Goggo ta ce takarda kowa na iya karanta ta yadda ya so, amma hoto ba ya ƙara gishiri. Mama ta yi mini wani kallo. Ga littafin can ƙarƙashin katifata, taku goma kawai. Da na ɗauko na nuna wa Hamma hankakan da yatsa, da magana ta ƙare. Amma in ya shiga hannunsa, zai buɗa ƙarshen. Haka na zauna ana ce mini maƙaryaciya a kan duk abin da na faɗi gaskiya.

Sai Kaka ta ɗaga hannu, kowa ya yi shiru.

"Bar zancen ganga. Ya dawo?"

"Ya dawo mana. Har da amarya."

"To, a nan dai Malama ba ta yi ƙarya ba."

Aka yi dariya, aka watse. Na tsira, ke nan. Amma ƙaryata ta samu shaida, har mutum guda ya ce ya gan ta da idonsa. Na ga Kaka ta sa an jawo mata tabarma kusa da zaure, inda take jin duk wanda ya yi sallama.

Bayan la'asar na ɗauko littafin na same ta a ɗaki. Na durƙusa a gabanta.

"Kaka, hankakan yana nan a rubuce, inuwar ma tana nan. Dawowar ce babu. Ni na sa."

Ina jin ƙarar taɓarya daga maƙwabta, ina lissafa kwana taran nan a zuciyata. Can ta tambaye ni me ya sa masu fim su ma suka dawo da shi. Na ce ban sani ba, wataƙila su ma tsoro suka ji.

"Karanta mini yadda mai littafin ya rubuta. Kada ki gyara masa."

Shafi uku ne. Na karanta ina tuntuɓe a kan kalmomin da na sani sarai. Da na gama ta tambaya ko uwar takan share wurin da inuwar ke kwanciya. Na ce littafin bai faɗa ba. Ta ce takan share. Sannan ta juya fuskarta bango.

Ba ta ci tuwon yamma ba. Washegari ma kwanon ya dawo yadda aka kai shi. Mama tana ta tambaya me aka yi mata, ni kuwa ina leƙa ɗakin ina kallon ko zanenta yana motsi. A rana ta uku ta nemi kunu. Ta sha rabi, ta aika a kira Baba, ta ce a jiƙa shinkafa, a gaya wa malamai su zo ranar Juma'a. Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya cire hularsa, ya mayar.

Ni aka ɗora wa faifan waina in raba a unguwa. Kowane gida na shiga sai an tambaye ni sadakar wa, ni kuma sai na faɗa da bakina.

Ban taɓa ganin fim ɗin ba. Inda silimar take yanzu shaguna ne. Jikokina suna kallon aljanu a waya, kuma sun ce masu fim na yau za su iya cire wa mutum inuwa in sun ga dama. Suna yawan musu a kan littafi da fim wanne ya fi, wani lokaci su ce in raba musu gardama, sai in ce ni firamare kawai na yi. Abin da na sani, fim ɗin nan ya yi abin da na yi ne, shi kuma ba wanda ya tuhume shi. Kaka ta yi shekara huɗu bayan sadakar, tana ci tana sha, tana zolayata. Amma ba ta sake sa an kai mata tabarma bakin zaure ba. Yanzu na kai shekarunta na wancan lokacin, kuma har yau ban gama yanke wa kaina hukunci ba, ko sauke mata kaya na yi, ko ƙwace mata na yi.