Manomin Cikin Kwamfuta

A rumfar mai gyaran waya da kwamfuta a kasuwar Tsanyawa, wani ƙaton saurayi yana tsaye cikin farar shadda, farcen ƙaramin yatsansa zaƙo-zaƙo. Yana jinjina wani baƙin akwati mai fanka, irin wanda ke raba wa kwamfuta wuta, kamar mai tayin kaza.

"Wannan ya yi mini kaɗan, Malam Bunu," in ji shi. "Tun da na ƙara wa kwamfutata ƙarfi, da na tayar da tarakta a cikin gem, ina tsakiyar girbin alkama, sai ta ɗauke ɗif."

Ashe wasan noma yake yi! Tafin hannunsa sumul, babu kanta ko ɗaya. Ina jin koko ma har ɗaki ake kai masa.

A bakin rumfar ga wani tsoho da fartanya a kafaɗa, dugadugansa duk faso. Hancinsu iri ɗaya. A hankali ya ce, "Fatihu, ciyawa fa ta cinye geron nan."

Ko waiwayowa bai yi ba.

"Baba, don Allah ka dakata. Maganar gona muke yi."