Tukunyar tulsin da Lalita ta bar mini

Shekara shida ke nan da rasuwar maƙwabciyata Lalita, kuma har yau ban san abin da zan faɗa bayan sunanta ba. Mu idan an ambaci mamaci sai mu ce Allah ya jiƙansa. Ita 'yar addinin Hindu ce, ni Musulma, don haka sai in kira sunan in yi shiru, shirun nan kuwa yana ci mini rai.

Bango ɗaya ne ya raba gidajenmu a unguwar Levenshulme, nan ƙasar Turawa, kuma kwaɗayina ne ya haɗa mu. Na hango wani ganye cikin tukunya a tagarta, sak ɗoɗɗoya, na ƙwanƙwasa ƙofa na ce ta sam mini na farfesun kaza. Matar nan ta dafe ƙirji kamar na roƙi ɗanta, sannan ta yi ta dariya har da hawaye. Ta ce sunansa tulsi, tsiro ne mai tsarki a wurinsu, suna danganta shi da ɗaya daga cikin allolinsu, ba ya shiga tukunyar nama. Kullum da safe sai ta yi wanka kafin ta ba shi ruwa, da magariba ta kunna masa 'yar fitilar mai, ta haɗa tafin hannuwanta. Sau da yawa ina alwala ina jiyo 'yar ƙararrawarta ta bango.

Mun sha yin gardama. Ta ce rai ba ya mutuwa, jiki ne ke ƙarewa, kuma aikin mutum shi ke zaɓa masa haihuwa ta gaba, har ranar da zai kuɓuta ya daina dawowa. Na ce mu zuwa ɗaya muke yi, daga kabari sai hisabi. Sai ta ce, "To Maman Sadiq, ke ki yi gaba, ni in yi ta dawowa, a ina za mu haɗu ke nan?" Ranar dariya muka yi. Yanzu tambayar nan kuka take sa ni.

Da ciwo ya ci ƙarfinta, 'yarta Anjali ta zo daga Birmingham. Ni ta roƙa na tsinko ganye ɗaya, ta sa wa uwar a baki, haka suke sallamar mai barin duniya. Ranar da aka ƙona gawar na raka su har bakin ƙofar wurin ƙonawar, ƙafata ta ƙi shiga. Ɗakin da Anjali ke haya ba ya samun rana, sai tukunyar ta dawo tagar kicin ɗina kamar yadda Lalita ta bar wasiyya.

Maigidana ya dubi tukunyar ya ce, "Yanzu kuma mun koma gadin abin bautar wasu?" Na ce, "Ruwa kawai nake ba shi, ba fitila ba ƙararrawa. Amana ce." Daga baya ma shi ke janye ta daga jikin gilashi idan sanyi ya tsananta. Sau biyu tsiron yana kusan bushewa, na dasa reshe ya sake kamawa.

Gidanta yanzu ɗalibai ne a ciki, tagar nan cike da kwalabe. Da za ta gani, na san faɗa za ta fara yi musu, ta ƙare da dafa musu abinci.

Watan jiya Anjali ta kira ni. "Anti, mun samu gida mai garden, kuma na haihu, baby girl. Please ki kawo mini tulsin Mama." Haƙƙinta ne. Na hau jirgin ƙasa da tukunyar a cinyata, ko kan kujera ban yarda na ajiye ta ba. Da na isa ta miƙo mini jaririyar ta ce, "Dubi goshinta, Anti. Ni dai na ce Mama ce ta dawo." Ban yarda da haka ba, ba kuma zan yarda ba. Amma na daɗe ina kallon fuskar yarinyar, ina neman abin da na san babu shi.

Lalita ba ta da kabarin da zan ziyarta, addu'ar da na iya kuma ba tata ba ce. Kofin ruwan nan na kowace safiya shi kaɗai nake iya yi mata. Washegarin dawowata, ina idar da sallar asuba na cika kofin kamar kullum, sai da na isa tagar na tuna. Na tsaya riƙe da shi, na rasa inda zan zuba.