Sa Hannun Malam Yusha'u

Duk wanda ya yi aiki a sakatariyar jiha a shekarun baya-bayan nan ya san Malam Yusha'u na sashen ajiyar fayil. Siririn mutum ne, tabarau kullum a kan karan hanci, hularsa zanna ɗaya ce har ta koɗe. A Malali yake zaune, a gidan da ya gina ɗaki bayan ɗaki. Ba a taɓa kama shi da cin hanci ba, ba a taɓa ganin ya makara ba. Sai dai akwai halin da aka fi saninsa da shi: tsoron sa hannu. Ko takardar hutun masinja aka kawo masa, sai ya karanta ta gaba da baya, sannan ya ce a dawo bayan azahar. Yana sabon ma'aikaci ya ga an kori wani dattijo saboda takardar da ya sa wa hannu bisa yarda da aboki, tun daga nan tsoron ya shige shi. Matarsa Delu takan ce da ranar ɗaurin aurensu sa hannu ake yi, da har yau tana gidan ubanta.

Yusha'u yana da dangi a Sudan da bai taɓa gani ido da ido ba. Kakanninsa sun tafi aikin hajji a ƙasa tun zamanin Turawa, suka bar babansa a hannun 'yan'uwa, suka tafi da ƙaramin ɗansu Yusuf. Guzuri ya ƙare a hanya, suka yada zango suna noman auduga, zangon ya zama gida. Yusuf ya girma a can, ya yi aure, ya tsufa. Da waya ta zo ne zumunci ya farfaɗo. Duk sallah Baffa Yusuf sai ya sa 'yarsa Aziza ta kira Kaduna, ya yi ta magana da wata tsohuwar Hausa mai gauraye da Larabci, yana tambaya ko rimin ƙofar gidansu na Zariya yana nan.

Da yaƙi ya ɓarke a Sudan, Aziza ta kira tana kuka. Mijinta ya rasu tun da jimawa, 'ya'yanta maza sun watse, daga ita sai tsoho. Yusha'u bai yi wata-wata ba ya ce, “Ku taho, Aziza. Nan ma gidanku ne.” Har cikin ransa ya faɗa. Delu ta share ɗakin zaure, ta sayo sabuwar tabarma da buta.

Suka bi ta Chadi da Kamaru, mota ta ɗauka mota ta sauke, har suka iso gadar da ke kan iyaka a Gamboru. Fasfon Aziza ya daɗe da ƙarewa. Shi kuwa Baffa Yusuf ba shi da wata shaida cewa a ƙasar nan aka haife shi, in ban da zanen da ke kumatunsa.

Ran nan da hantsi Yusha'u yana ofis, wayarsa ta yi ƙara. Wani jami'in shige da fice ne, ya yi sallama cikin ladabi.

“Akwai dattijo da 'yarsa a gabana, sun ce kai ɗan'uwansu ne. Haka ne?”

“Haka ne, yallaɓai.”

“To madalla. Abin da muke buƙata, ka rubuto cewa kai ne mai masaukinsu kuma ka ɗauki alhakinsu, ka sa hannu, ka haɗa da hoton katin aikinka, ka turo ta wayar nan. Amma in gaya maka gaskiya, duk abin da ya biyo baya kai za mu nema.”

Yusha'u ya shiga lissafi. A lokacin ana tantance ma'aikatan da suka kusa ritaya, ana tone-tonen fayil ɗin kowa. Mutane daga ƙasar da ake yaƙi, katin aikinsa a haɗe da sunansu, wa ya san inda takardar za ta kwana?

“Yallaɓai, ka ɗan ba ni lokaci. Gaskiya ta waya kawai na san su. Zan kira ka.”

Ya ajiye wayar, ya jima yana kallonta, sannan ya kashe ta.

Ba wai ya yi niyyar ƙi ba ne. Cewa ya yi bari ya tambayi wani lauya maƙwabcinsa. Lauya ya yi tafiya. Ya ce to bari a wuce ranar tantancewa. A gida Delu ta tambaye shi ko baƙi sun kira, ya ce hanyar can ba sabis. Ya ci tuwo, ya je masallaci, ya bi sahun gaba kamar kullum. Da aka gama tantancewa aka ce fayil ɗinsa tsaf yake, a ranar ya rubuta takardar, ya sa hannu, ya kunna waya ya tura.

Jami'in ya kira nan take. “Malam, ka makara. Dattijon ya rasu jiya. Zazzaɓi ne ya kama shi a rumfar da suke jira. Mutanen ƙetaren gada sun yi masa sutura. 'Yar za mu sake ta yau.”

A tashar Kawo ya tarbi Aziza. Doguwa ce, ta rame, ta naɗe jikinta da lafaya mai ruwan ƙasa, jaka ɗaya a hannu da sandar tsohon. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kira shi Yaya. Shi ya kasa yi mata ta'aziyya da baki, sai ya karɓi jakar ya yi gaba.

Takardar da aka ba ta a kan iyaka ta ɗan lokaci ce, don haka dole su je ofishin shige da fice na Kaduna. Suka yi ta zirga-zirga. Yau a ce hoto bai yi ba saboda lafaya ta rufe goshi, gobe a ce sunan da ke fasfo da Larabci bai dace da wanda aka rubuta da boko ba. Jami'in da fayil ɗin ya faɗa hannunsa, wani mai suna Irmiya, mutumin Kagoro, yana da haƙuri. Ya ba Aziza kujera, ya yi ta maimaita tambaya a hankali saboda Hausarsu ta bambanta.

“Kin ce mahaifinki a Zariya aka haife shi?”

“Na'am, a Zazzau.”

“Kash,” in ji Irmiya, yana juya biro. “Da yana raye da abin ya zo da sauƙi. Dattawan unguwarsu su gan shi, mai unguwa ya shaida, ke kuma ki bi ta kansa a matsayin 'yar ƙasa. Yanzu sai mu fara da izinin zama na baƙi, sauran a bi a hankali. Malam, kai ne mai tsaya mata?”

Ya turo takardu. Yusha'u ya sa hannu a duk inda aka nuna masa, bai karanta ko layi ɗaya ba. Irmiya ya ɗaga kai ya ce, “Ka dai duba mana.” Yusha'u ya ce ba komai.

Da suka fito, suka tsaya a inuwar wani dalbejiya suna jiran keke Napep. Yusha'u ya yi gyaran murya ya ce, “Lokacin da kuke kan iyaka, wayata ce ta...”

“Yaya,” in ji Aziza, ba ta dube shi ba, “jami'in nan da ya kira ka, a lasifika ya sa wayar, kowa yana jin muryarka. Ina tsaye a gefensa.”

Sai ta ci gaba da magana.

“Baba bai ji ba, kunnensa ya yi nauyi. Na ce masa kana hanya. Kullum da safe sai ya sa in ɗaura masa rawani, ya zauna yana kallon gada, wai kada ɗan yayansa ya same shi ba shiri. Da farin ciki ya tafi, wallahi. Kwanansa ne ya ƙare.” Ta ɗaga hannu ta tsayar da keke. “Mu je, Anti Delu tana jira.”

Ba ta sake ta da maganar ba. Shi ma bai iya gaya wa Delu ba, duk da ya sha buɗe baki. Da Aziza ta zage shi, ko ta kai ƙararsa wurin dangi, yana jin da ya samu sauƙi. Amma Aziza sai ta riƙa dafa masa shayi mai kirfa, ta wanke masa hula, ta gaishe shi a durƙushe.

Bayan an ba ta izinin zama, ta kama ɗaki a Abakpa. Ta fara haɗa turaren wuta da humra, tana yi wa amare dilka da lalle, har matan manyan ma'aikata suna aiko mota a ɗauke ta. Delu ta yi ta roƙonta ta zauna da su, ta ce a'a, mai sana'a tana son wurinta. Yusha'u bai san ko wannan ne dalilin ba, bai kuma tambaya ba.

Yanzu ya yi ritaya, fanshonsa yana fitowa ba tangarɗa. Maganar zama 'yar ƙasa har yau ba a gama ba. Ya je Zariya ya nemo wata tsohuwa da ta tuna yaron da aka tafi da shi Makka, ya kawo ta Kaduna a motar haya ta ba da shaida, an ce a ƙara kawo wani. Duk lokacin da za a sabunta takardar Aziza, shi ke fara isa ofishin ya kama mata layi. Irmiya ya taɓa ce masa, “Malam, da kowa yana da ɗan'uwa irinka, da aikinmu ya yi sauƙi.” Yusha'u ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya ce zai ɗan fita waje ya sha iska kafin a kira sunanta.